Birkin da Na Sa wa Gaisuwar Baba

Mahaifina ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya gama gaisuwa, gaisuwarsa kuwa ba ta ƙarewa da wuri. Tun muna yara muke cewa ko rumbu ne ya kama da wuta, sai Baba ya tambayi kwanan kowa, ya tambayi gajiya da sanyi da lafiyar awaki, sannan ya ce a taimaka da ruwa. Ni ce na fi kowa ƙosawa da wannan hali nasa. Ba ni da haƙuri, na sani, a gidanmu ma kowa ya sani. Da ya fara sai in ji ƙafata tana rawa da kanta.

Tsohon soja ne, kamar yawancin dattawan unguwarmu a Zuru. Da ya ajiye kaki sai zaman gari ya gagare shi, ya koma gonar mahaifinsa can bayan Dirin Daji, a wani ɗan ƙauye da ko direbobin tasha ba duka suka san shi ba. Duk damina can yake, sai an kai dawa rumbu yake dawowa. A shekarar da nake ba da labari, maƙwabtansa suna ta kwashe iyalansu saboda masu zuwa a kan babura da bindigogi. Mama ta ce ita ta gama jiran miji tun yana bakin daga, ba za ta bi shi jeji da tsufanta ba, ta yi zamanta a Zuru. Shi kuma ya ce shi da ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana yi wa surukinsa noma kafin a ba shi Mama, bai taɓa barin gona da amfani a tsaye ba, ba kuma zai fara da furfura a kansa ba. Aka yi magiya, aka yi faɗa, aka turo fasto. Ya gaida faston gaisuwa mai kyau, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

A lokacin na dawo gida da kwamfutata, ina yi wa wani ƙaramin kamfani aiki daga nesa. Manhajar aika saƙo muke yi, ta hira a waya, mara nauyi, don wuraren da sabis yake zuwa yana tafiya. Ogana yana can birni, ban taɓa ganinsa ba sai ta allo. Ofishina tabarma ce a gindin mangwaron tsakar gida, idan an ɗauke wuta kuma in matsa kusa da batirin sola. Ni na sa wa Baba manhajar a wayarsa, na sa wa Mama a tata, ina ta cika baki cewa daga yau zancen ba a ji daga gare shi ba ya ƙare.

A ƙauyen babu sabis sai a kan wani dutse da ke bayan gonaki. Ko a can ɗin ma kira ba ya yiwuwa, murya tana yayyankewa, rubutu ne kaɗai ke ratsawa. Don haka Baba sai ya zauna a bukkarsa ya rubuta saƙonninsa a hankali cikin mako, wayar ta jera su a layi, ranar da ya samu sarari ya hau dutsen su tafi. Da Hausa yake rubutu, don yarenmu na C'lela a baki kawai ya iya shi. Kuma yadda yake gaisuwa a baki haka yake yi a waya, kowace gaisuwa saƙo guda. "Salama." Ya aika. "Kun kwana lahiya?" Ya aika. "Yaya gajiya?" Ya aika. Ya gaida Mama, ya gaishe ni, ya gaida ƙannena da ke wasu garuruwa, ya gaida maƙwabciyarmu mai ciwon gwiwa, har karen gida yana da nasa rabon. Sai ya gama duka sannan ya rubuta "Bayan gaisuwa," shi ma saƙo ne mai zaman kansa, daga nan ya faɗi abin da yake so, wanda yawanci bai wuce gishiri ko batir ko maganin feshi ba.

Da fari abin ya yi kyau. Kwatsam sai shiru.

Mako ya wuce, wani ya kama. Mama ta daina zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta je bakin titi ta tsaya tana duban motocin da ke fitowa daga Sakaba, ɓangaren da ƙauyen yake, ta dawo ta ɗauki waya ta girgiza ta kamar akwai abin da ya maƙale a ciki. Ni ma barci ya ƙi, abinci ya ƙi. Kowane mashin ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Sai da na gaji da zullumi sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na buɗe bayanan babbar na'urarmu, wadda muke kira saba, wadda kowane saƙo yake bi ta cikinta kafin ya kai ga mai shi.

Ashe mu ne muka kulle shi. Akwai wata doka da aka sa wa sabar tun kafin in shiga kamfanin, saboda 'yan damfara da masu watsa talla: duk wayar da ta kwararo saƙonni da yawa a lokaci guda, a rufe mata ƙofa na yini. Baba ya hau dutse, sabis ya kama, wayar ta juye gaisuwar mako guda a cikin ƙiftawar ido, saba ta ce wannan ɗan damfara ne. Ya sauka yana zaton sun tafi. Mako na gaba ya sake hawa, da tsofaffin da sababbin, aka sake rufe shi. Na yi dariya har da hawaye, rabi don yana raye, rabi don haushi. Mutumin da bai taɓa cin ƙwandalar wani ba, na'ura ta sa shi a sahun macuta don ya gaida kare.

Na kira Oga na ce a cire dokar. Ya ce ba za ta ciru ba, idan aka cire ta masu talla za su cinye mu. Ya ce gyaran daga wayar zai fito, ni zan rubuta shi tunda ni na gano. Abin da ake so shi ne manhajar da ke cikin waya ta riƙa taƙaita gudun saƙonninta da kanta, ta saki ɗaya, ta ɗan jira, ta saki na gaba, yadda saba ba za ta tsorata ba. Kamar mai zuba manja a kwalba ta mazurari, ba a juyewa gaba ɗaya. Idan kuma saba ta ce a dakata, wayar ta ƙara tsawon jiran. A cikin kod ɗin, wato rubutun umarnin da muke yi wa na'ura, na sa masa suna birki. Aiki ne ɗan kaɗan, bai cika shafi ba. Mun fi ɓata lokaci a kan gardamar tsawon jiran, ni ina ja a rage, Oga yana ja a ƙara, har muka tsaya a inda ya fi kusa da nasa, don shi ne oga.

Sabon zubin manhajar ba zai sauka a kan dutse ba, ya yi nauyi. Na aika wa Baba ta bakin wani direba cewa mu haɗu a Dirin Daji ranar kasuwa. Zuwa da kai ya fi aike. Na same shi a rumfar mai shayi, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na miƙa hannu in karɓi wayar, ya riƙe ta gam sai da ya gama tambayar lafiyar kowa. Da na ba shi labarin abin da ya faru, ya daɗe yana kallona.

"Wato na'urar taku ba ta son a gaishe ta da yawa?"

"Ba haka ba ne, Baba. Da sauri ne ba ta so."

"To ai ni ban taɓa gaisuwa da sauri ba. Ita ce mai gaggawar, ba ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Na sa masa sabon zubin, na nuna masa cewa yanzu sai ya ga alamar agogo ta ɓace a gefen kowane saƙo kafin ya sauka daga dutsen. Ya ce ya ji. Soja ne, idan aka ce ya tsaya har abu ya ƙare, zai tsaya.

Saƙonni suka dawo. Ranar da ya hau dutse, Mama sai ta zauna a kan kujerar tsugunno da waya a cinya, ni ina gefe ina karanta mata, don idonta ya fara rauni. Wayar ta yi ƙara: salama. A jira. Ta sake ƙara: kun kwana lahiya. A jira. Mama tana amsa kowace da baki kamar yana gabanta, "Lahiya lau," "Da godiya," "Tana nan, gwiwar ce dai." Ni kuwa ina cizon yatsa, don na san abin da ita ba ta sani ba. Sabis ɗin dutsen ba tsayayye ba ne. Idan ya ɗauke a tsakiya, birkina yana ɗauka saba ce ta ce a dakata, sai ya ƙara jira. Gaisuwar da a da take fita cikin ƙiftawar ido, yanzu sai tuwo ya dahu ba ta gama fita ba. Wata rana hadari ya kore shi daga kan dutsen daidai an iso "Bayan gaisuwa," muka yi mako guda da wannan guntun a wuya. Ashe takalmin roba yake so. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da ya hana ni sukuni gaba ɗaya daga bakin wata mata ya fito. 'Yar ƙauyen ce, ta kwaso 'ya'yanta ta dawo Zuru wurin danginta, ta shigo gaida Mama. Cikin hira take cewa, ba da wata manufa ba, ai tsohon soja ya zama alamar gari.

"In kin hito daga jeji, tun daga nesa kike hango shi bisa dutse, ya ɗaga hannu sama da waya. Sai ya daɗe nan tsaye. Mun ce mishi ya riƙa duƙawa, ya ce in ya duƙa sabis na gudu."

Mama ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da tsince wake. Ni na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Dutsen nan ba itace ko ɗaya a kansa. Wanda ke kansa ana ganinsa daga hanyar da baburan suke bi, kuma mutumin da ke tsaye a sama da waya a hannu, a wurin waɗannan mutane, mai kiran jami'ai ne. Duk jiran da na rubuta a cikin kod ɗin nan, a ƙafar mahaifina yake ƙarewa. Ni na ce masa kada ya sauka sai agogo ya ɓace. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Abu na farko da na yi shi ne na rubuta masa cewa ya rage gaisuwa, ya haɗa ta a saƙo ɗaya, ko ya bar ta sai mun haɗu. Amsar ta zo mako na gaba, bayan gaisuwa cikakkiya wadda ba a rage ko kare ba. Ya ce kowa da gaisuwarsa, ba a tara mutane a gaishe su da baki ɗaya kamar ana kiran sunaye a fareti. Ya ce in yi aikina, shi ma yana yin nasa.

To, na yi aikina, irin na mai gaggawa. Akwai 'yan abubuwan da zan iya sauya wa wayarsa daga nan ba tare da na taɓa ta ba, cikinsu har da yadda layin yake fita. Na ce tunda abin da ke da muhimmanci kullum a ƙarshe yake, bari in juya layin, na ƙarshe ya fara fita. Ko hadari ya kore shi, ko ya hango ƙura ya sauka da gudu, mun dai ji magana. Na ga kaina da wayo ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da ya hau dutse, wayar Mama ta yi ƙara, na karanta mata: "A aiko mini da maganin ciwon baya."

Ban ankara ba sai na ga waken da Mama take tsincewa ya watse a ƙasa. Mama ta miƙe, ta ɗaure zane, ta shiga ɗaki ta fara cusa kaya a jaka. Na bi ta ina cewa me ya faru, ai maganin baya ne kawai.

"Bai gaishe ni ba," in ji ta. "Tashi ki nemo mashin. Mutumin nan ko an aza mishi bindiga, ko ba shi ya rubuta ba."

Kafin in buɗe baki wayar ta sake ƙara: "Bayan gaisuwa." Can kuma gaisuwar kare. Can ta maƙwabciya. Haka suka yi ta zuwa a juye, har aka ƙare da salama. Na tsaya a bakin ƙofa na yi mata bayani, murya ƙasa ƙasa. Ta zauna a bakin gado da jakar a cinya. Ban taɓa ganin ta yi mini irin wannan kallon ba.

"Ke kina tsammani gishirin nike jira?" ta ce. "Duk shekarun da ya yi yana yawon yaƙi, in takardarshi ta zo, wani ke karanta mini. Ba na sauraren ƙarshen. Farkon nike ji. In ya gaida kowa bai tsallake ko ɗaya ba, na san yana zaune, hankalinshi kwance, hannunshi ba ya rawa. Mai gudu ba ya gaida kare. Ke da karatunki duka, wannan ba ki gane ba?"

Ban gane ba. Na girma ina jin gaisuwar nan a matsayin shingen da ake tsallakewa kafin a kai ga magana. Na mayar da layin yadda yake a ranar. Da Baba ya ji labari daga baya bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne wayar ta sa ya yi rashin kunya a gidansa, kada a sake.

Sai na koma gindin mangwaro na zauna da matsalar yadda take: ba a rage gaisuwa, ba a juya ta, ba a cire dokar saba, kuma ba a barin tsoho a kan dutse. Na yi kwanaki ina zagaye tsakar gida, in rubuta in goge, in zauna in tashi, har Mama ta ce in na ƙarar da ƙasar wurin in sayo wata. Abin da ya fito a ƙarshe mai sauƙi ne har ya ba ni haushi. Saba ba ta ƙirga kalmomi, sau nawa aka ƙwanƙwasa mata take ƙirgawa. To, wayar ta tattara duk saƙonnin da ke jiran mutum ɗaya ta ɗaure su dami guda, ta miƙa sau ɗaya, wayar da ke karɓa ta kwance damin ta jera su ɗaya bayan ɗaya yadda aka rubuta su. Birki yana nan, amma dami yake ƙirgawa. Na ƙara wani ɗan rubutu a ƙasan hira, idan dami ya yi girma har aka raba shi, mai karɓa ya ga an ce akwai saura a hanya. Oga ya yi ta ƙorafi cewa aiki ne babba saboda mutum ɗaya. Na ce masa ya je ya duba wayoyin da saba take rufewa, ya ga ko 'yan damfara ne ko masu gaisuwa. Ya duba. Bai ce na yi gaskiya ba, amma ya bar ni na yi.

Na sake zuwa Dirin Daji ranar kasuwa. Kasuwar ta ragu, rumfuna da yawa babu kowa. Ina sa masa sabon zubin na ce, Baba, ka biyo ni mu tafi yau. Ya ce dawa ta fitar da kai, irin wadda bai taɓa gani ba a gonar nan, ya nuna mini tsawonta da hannu sama da hularsa.

"Saura kaɗan, ɗiyata. In munka yanke, munka ɗaure, ni da kaina zan kawo ta. Ki ce ma uwarki ta gyara rumbu."

Na ce masa yanzu ba sai ya daɗe a kan dutse ba, yana hawa zai ga agogo ya ɓace. Ya ce to, ashe na'urar ta koyi tarbiyya. Ya raka ni har bakin mota yana ba ni gaisuwar da zan kai wa kowa da baki, duk da cewa tana cikin wayar.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi a shekarar. Dami ya zo, ya kwance, Mama ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta roƙe ni in riƙa karantawa a hankali don kada ta ƙare da wuri. Ruwa ya ɗauke. Aka fara ganin sabuwar dawa a kasuwar Zuru. Mama ta sa aka yaɓe rumbu, aka sake masa jinka.

Wata safiya, ba ranar da ya saba hawa dutse ba, ina wanke-wanke wayar Mama ta yi ƙara sau ɗaya. Na goge hannu a zane na ɗauka.

"Ina hanya."

Na jira ƙara ta biyu. Ba ta zo ba. Na duba ƙasan hirar ko zan ga an ce akwai saura a hanya, babu. Mama tana tsaye a bakin madafa tana kallona, na ce mata ina zuwa, na ruga na buɗe kwamfuta. Na duba ko na manta layin a juye, yana daidai. Na duba ko saba ta rufe shi, ba ta rufe ba. Na duba ko dami ya tsinke a hanya, na bi kod ɗin layi layi ina neman inda na yi kuskure, ina roƙon Allah ya sa in samu. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa fatan a ce laifina ne ba sai ranar. Babu kuskure. Damin ya iso cikakke, abin da ke cikinsa ke nan. Birkin da na sha wahala a kansa bai samu abin da zai riƙe ba.

Na fito na faɗa wa Mama abin da ya rubuta. Ba ta tambaye ni ko na sake taɓa wani abu ba, fuskata ta ba ta amsa. Wannan karon ba ta ɗauki jaka ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakinsa, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta ɗora ruwan wanka. Ruwan ya tafasa ya huce, ta sake hura wuta. Ni na kasa zama a gida, na kasa nisa da shi. Na je tasha, na dawo, na sake komawa. Na kira layinsa har na daina jin abin da matar cikin waya take cewa. Duk motar da ta fito daga wajen Sakaba sai na leƙa cikinta, mutane a cunkushe da tabarmi da tukwane da kaji, ba mai son magana. Wani direba ya ce mini an shiga ƙauyukan bayan Dirin Daji da asuba, bai san wanne da wanne ba. Na koma gida ban faɗa wa Mama ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da mashin ya tsaya a ƙofar gida. Baba ya sauko a hankali, yana dafa kafaɗar mai mashin. Ƙafafunsa sun yi futu-futu, ƙaya ta yayyage masa wando, takalmin robar nan saura ƙafa ɗaya. Ba jaka, ba fartanya, ba ko zangarniya ɗaya ta dawa. Wayar ce kawai a aljihun gaba. Na yi kansa da gudu zan riƙe shi, ya ɗaga mini hannu in tsaya.

Ya tsaya a bakin zaure, ya cire hula, ya gyara tsayuwa.

"Salama," in ji shi.

"Maraba," in ji Mama daga tsakar gida.

"Kun wuni lahiya?"

"Lahiya lau."

"Yaya gajiya?"

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya gaida Mama, ya gaishe ni, ya tambayi ƙannena, ya tambayi gwiwar maƙwabciya, ya duƙa da ƙyar ya shafa kan karen da ke ta zagaye ƙafarsa. Na tsaya ina ji, hawaye yana zuba, ƙafata ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Da zai kwana yana yi da na tsaya. Da ya kai ƙarshe, inda ya saba faɗin abin da ya kawo shi, sai idonsa ya sauka a kan rumbun da aka yi wa sabuwar jinka. Ya buɗe baki, ya rufe.

Mama ce ta karɓa, don yanzu layinta ne. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi gajiya, ta tambayi bayansa, ta tambayi mutanen ƙauyen gida gida, waɗanda suka fito da waɗanda ba a gani ba tukuna. Duk wanda ya dawo daga gona a wannan lokaci na shekara, akwai tambayar da ake yi masa kafin kowace, ko yaro ya san ta: yaya amfanin gona? Mama ta bi ta gefenta ta wuce, ta ce ruwan wanka yana bayan ɗaki.